Kanarin da Mata Biyu Suka Ɓoye

Mai karatu, bari yau in kai ka jihar Iowa ta Amurka. A watan Disamba na 1900 aka sassare wani manomi, John Hossack, da gatari yana barci. Aka kama matarsa Margaret. A 1901 maza goma sha biyu masu taya alƙali yanke hukunci suka same ta da laifi, aka yi mata ɗaurin rai da rai. Daga baya babbar kotun jihar ta rushe hukuncin, a ƙarshe aka sallame ta. Babu mace ko ɗaya cikin mutanen nan sha biyu, don dokar lokacin ba ta yarda ba.

Wata budurwa 'yar jarida, Susan Glaspell, ita ta riƙa kai wa jaridarsu rahoton shari'ar. Abin bai bar ranta ba. A 1916 ta rubuta wasan kwaikwayo mai suna Trifles, wato ƙananan abubuwa marasa amfani. A 1917 ta mayar da shi gajeren labari, A Jury of Her Peers, ma'ana 'yan uwanta su yi mata shari'a.

Labarin ɗaya ne. An shaƙe John Wright da igiya a gadonsa, matarsa Minnie tana tsare. Lauyan gwamnati da shugaban 'yan sanda da maƙwabci suka hau bene neman dalilin kisan, suka bar matar maƙwabcin da matar ɗan sandan a kicin, har suna yi musu dariya wai hankalin mata yana kan shirme. To a shirmen nan amsar take: ɗinkin bargo da ya karkace, keji mai ɓallalliyar ƙofa, sai kanari a ɗan akwati an murɗe masa wuya. Nan suka gane mijin ne ya kashe abin da kaɗai ke ɗebe mata kewa. Suka ɓoye tsuntsun.

Ina bambancin? A wasan, daga waje muke kallon matan. Sai mu lura da shirunsu, da yadda suke haɗa ido, da yadda suke tsayawa kusa da juna idan mazan sun shigo. A labarin kuwa an shigar da mu zuciyar maƙwabciyar, har an ba ta sunanta na yanka, Martha. Da ita aka buɗe, an kira ta ta bar garin burodinta ba ta gama tankaɗe ba. Shi ya sa da ta ga aikin da Minnie ta bari rabi, nan da nan ta san mace ba ta barin aiki haka kawai. Muna jin nadamarta kuma, shekara da shekaru ga gida kusa amma ba ta leƙa ba.

Ni dai ban ce kisa daidai ne ba, ɓoye shaida ma laifi ne. Amma duk sanda na ɗauki biro sai in tuna nadamar Martha. 'Yar uwa, maƙwabciyarki da kika daina jin dariyarta, yaushe rabonki da leƙa ta?