Jan Zumbach: gwarzon Poland da ya jefa bama-bamai a Makurɗi

Waɗanda suka kalli fim ɗin Hurricane na 2018 sun ga wani matuƙin jirgin yaƙi ɗan ƙasar Poland mai suna Jan Zumbach yana kare Ingila daga Jamusawa. Rabin labarinsa ke nan. Ragowar rabin ya taɓa mu kai tsaye, domin wannan mutumin ne ya kai wa filin jirgin Makurɗi hari a farkon yaƙin basasa, lokacin da Keffi da Lafiya da Makurɗi duk suna jiha ɗaya, wato Binuwai-Filato.

An haife shi ranar 14 ga Afrilu, 1915, kusa da birnin Warsaw. Ya gama makarantar sojan sama ta Dęblin a 1938. Da Jamus ta mamaye Poland a Satumban 1939 bai samu ya yi yaƙin ba, yana jinyar karayar ƙafa daga wani hatsarin jirgi. Ya tsere ta Romaniya zuwa Faransa, ya yi yaƙi a can, da ita ma ta faɗi a 1940 sai ya tsallaka Ingila.

A Ingila ne sunansa ya fito. A watan Agustan 1940 aka sa shi cikin runduna ta 303, ta 'yan Poland, a sansanin Northolt kusa da Landan. Da farko Turawan Ingila ba su yarda da su ba, saboda ba sa jin Turanci sosai, sai aka tsare su a atisaye. Da aka sake su, cikin makonni kaɗan aka lissafa wa rundunar jiragen Jamus 126, fiye da kowace runduna mai tuƙa Hurricane. Takwas daga ciki na Zumbach ne. Al'adarsu ita ce su matsa dab da jirgin abokin gaba kafin su buɗe wuta, abin da ke buƙatar zuciya da kuma fushin mutumin da aka ƙwace wa ƙasa. A 1942 ya zama kwamandan rundunar, jirginsa Spitfire ɗauke da zanen agwagwar Donald Duck. Dab da ƙarshen yaƙi, a Afrilun 1945, ya ɓata hanya ya sauka a yankin Jamusawa, suka kama shi.

Yaƙi ya ƙare, amma Poland ta koma ƙarƙashin ikon Rasha, kuma da yawa cikin sojojin da suka yi yaƙi tare da Ingila ba su da gidan komawa. Wasu suka zama ma'aikatan masana'antu. Shi Zumbach ya shiga fasa-ƙwauri da jirgi, daga baya ya buɗe gidan rawa a Paris. A 1962 Moïse Tshombe ya ɗauke shi haya ya tsara wa Katanga, yankin da ya ɓalle daga Kwango, rundunar sama.

Sai maganar Najeriya. Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu, 1967. Zumbach, da sunan bogi John Brown, ya kawo wa Biyafara wani tsohon jirgin jefa bam ƙirar B-26 zuwa Inugu, ya kuma tsaya ya tuƙa shi. A lokacin gwamnatin tarayya ba ta da jirgin yaƙi na gaske, saboda haka tsohon jirgi guda ya ishe shi ya tayar da hankali. An yi wa hancinsa zanen haƙoran kifi, bama-bamansa kuwa haɗin gida ne. Yaƙi ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, cikin wannan watan kuma ya afka wa filin jirgin Makurɗi.

Me ya sa Makurɗi? Duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Akwanga da Lafiya ya san amsar. Gadar Binuwai da aka buɗe a 1932, ta jirgin ƙasa da mota, ita ce maƙogwaron da sojoji da makamai ke bi daga Arewa zuwa fagen daga, kuma ta nan dakarun Kanar Muhammadu Shuwa suka nufi Nsukka da Ogoja. 

Damarsa ba ta daɗe ba. A watan Agusta jiragen MiG na Rasha suka iso Kano, aka samo matuƙa daga Masar, kuma Inugu ta faɗi ranar 4 ga Oktoba. Zumbach ya koma Turai, yaƙin kuwa ya ci gaba har Janairun 1970.

A ganina ba daidai ba ne mu rage masa jarumtar 1940. Ya kare ƙasarsa ne daga nesa, kuma ya yi da gaske. Amma abin da ya yi a Katanga da Biyafara aikin sojan haya ne, kuma ƙwace masa gida da aka yi ba hujja ba ce ta zuwa ƙona na wasu. Shi kansa bai ɓoye ba, ya ba da labarin a littafinsa da ya fito da Faransanci a 1973, sai dai mai karatu ya tuna cewa mai labarin ne ke yabon kansa.

Ya rasu a Faransa ranar 3 ga Janairu, 1986. An kai gawarsa Warsaw, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Powązki.