Motar baƙo a harabar otal: Wa ke ɗaukar asara idan an sace ta?

Da wuya mutum ya shiga harabar otal, gidan abinci ko ɗakin taro a biranen Najeriya bai ci karo da allon da ke sanar da shi cewa duk abin da ya samu motarsa babu ruwan masu wurin ba. Mutane da yawa sun ɗauka cewa wannan allo kaɗai ya isa ya wanke otal daga kowane alhaki. A wurin kotu kuwa, tambaya ta farko ita ce: a hannun wa motar take lokacin da ta ɓace?

Hukuncin Kotun Ƙoli

Shari'ar da lauyoyi suka fi kafa hujja da ita a wannan fanni ita ce wadda tsohon alƙali, Mai Shari'a K. O. Anyah, ya shigar a kan otal ɗin Imo Concorde da ke Owerri. A watan Disamba na 1986 ya sauka a otal ɗin da motarsa ƙirar Peugeot 505. Masu gadi suka ba shi alamar shiga ta roba a bakin ƙofa, ya ajiye motar a inda ya zaɓa, ya kulle ta, ya tafi ɗakinsa da makulli. Washegari aka nemi mota aka rasa, alhali alamar tana hannunsa.

Babbar Kotu ta ba shi gaskiya, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin. A shekarar 2002 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa otal ɗin ba zai biya ba. Dalilinta shi ne, kafin a kama wani da laifin sakaci, wajibi ne a fara nuna cewa nauyin kula da abin yana wuyansa. Miƙa alamar shiga kawai bai ɗora wa otal wannan nauyi ba, tun da mai motar bai damƙa ta ga kowa ba. Sai dai kotun ta nuna cewa da ya miƙa makulli ga masu gadi ya kuma nuna musu inda motar take, da maganar ta iya sauyawa.

Bambanci tsakanin aron wuri da ajiya

Wanda aka ba wuri ya ajiye motarsa, ya riƙe makullinsa, izinin amfani da fili kawai ya samu. Wanda ya miƙa makulli ga ma'aikaci, ko ya damƙa kuɗi da gwala-gwalai a wurin karɓar baƙi aka ba shi rasit, ya ba da ajiya. A irin wannan hali, idan kayan suka salwanta, wanda ya karɓa ne zai gamsar da kotu cewa ba sakacinsa ya jawo ba. Ƙa'idar ta yi kusa da hukuncin ajiya a fiƙihun Malikiyya, inda ba a cin mai riƙon amana sai ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka.

Ƙarfin allon sanarwa

Sanarwa tana aiki ne idan baƙo ya gan ta kafin ko a lokacin ƙulla yarjejeniya. A wata shari'a da aka yanke a Ingila, wadda kotunan Najeriya kan duba don neman haske, an sace kayan wata baƙuwa daga ɗakinta, otal ya fake da sanarwar da ke manne a cikin ɗakin. Kotu ta ƙi karɓar hujjar, domin an gama yarjejeniya tun a wurin biyan kuɗi, kafin baƙuwar ta ga takardar.

Dokar Tarayya ta Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta ƙara tsaurara lamarin. Ta wajabta wa ɗan kasuwa ya jawo hankalin abokin hulɗa a fili zuwa ga duk sharaɗin da ke rage alhakinsa, ta kuma haramta sharuɗɗan da babu adalci a cikinsu. Hukumar FCCPC ce ke aiwatar da dokar, kuma tana karɓar ƙorafi.

Haka kuma, dokokin otal sun bambanta daga jiha zuwa jiha. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da aka yi tsakanin Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas, cewa rajista da sa ido kan otal-otal hurumin jihohi ne. Saboda haka dokar jihar da abin ya faru na da muhimmanci.

Abin da ya kamata a yi

Ga baƙo, kariya mafi ƙarfi ita ce shaida a rubuce. Ya miƙa kaya masu daraja a wurin karɓar baƙi, ya karɓi rasit mai bayyana abin da ya bayar, ya kuma adana tikitin ajiye mota. Idan an yi sata, ya sanar da hukumar otal a rubuce nan take, ya kai rahoto ga 'yan sanda, ya nemi a adana hotunan kyamarorin tsaro kafin a goge su. Kada kuma ya yi jinkiri, domin shigar da ƙara na da wa'adi. A Legas shekara 6 ne ga mafi yawan irin waɗannan ƙararraki.

Ga mai otal, ya kamata sanarwa ta kasance a bakin ƙofa da kuma kan takardar rajista, cikin harshen da baƙi ke fahimta. Ya tsara wa ma'aikata wanda aka yarda ya karɓi makulli, ya tanadi littafin ajiya, ya kuma yi inshora. Mai gadi ɗaya da ya karɓi makulli don kyautatawa na iya jawo wa otal biyan kuɗin mota sukutum.