Cape Coast ko Elmina: Ina Za Mu Sauka Idan Hutun Kwana Biyu Ne?

Duk lokacin da hutun makaranta ko na bayan Sallah ya gabato, gardamar nan sai ta taso a zaman matasa: za mu bakin teku, to a Cape Coast za a kwana ko a Elmina? Mun kai ayari garuruwan nan fiye da sau ɗaya, shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta abin da muka sani, don mai shirin tafiya ya samu abin dubawa, iyaye kuma su san inda yaransu za su.

Tsakanin garuruwan bai wuce kilomita 13 ba, tasi na kai mutum cikin kamar minti ashirin. Ke nan duk wanda ka zaɓa, ɗayan ba zai wuce ka ba. Tambayar ita ce inda za ka ajiye jaka, ka ci abinci, ka yi sallah, ka kwana.

Cape Coast, wanda Fante ke kira Oguaa, shi ne babban birnin Central Region, kuma nan ne hedkwatar Turawan Ingila a Gold Coast har 1877 da suka koma Accra. Gari ne na makarantu: akwai jami'a, akwai Mfantsipim da aka kafa a 1876, inda Kofi Annan ya yi karatu. Saboda yawan ɗalibai da baƙi, masauki mai sauƙin kuɗi ya fi samuwa a nan. Abin da ya fi mana muhimmanci shi ne zango. Wajen kasuwar Kotokuraba akwai mutanenmu da masallatai, za ka ji Hausa a bakin hanya, da safe ka sha koko da ƙosai, da rana ka samu wake da shinkafa, kuma ba sai ka tsaya tambayar wa ya yanka naman ba. Wanda ya taɓa jan yara talatin masu jin yunwa a garin da bai sani ba, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Elmina, ko Edina, ƙaramin gari ne na masunta. Ya fi kyan gani, wannan ba gardama. Tsaya kan gadar da ke bakin tafkin Benya da safe lokacin da kwalekwale ke shigowa da kifi, ko ka hau tudun Fort St. Jago ka hango gari da teku gaba ɗaya, za ka gane abin da muke nufi. Sai dai manyan masaukan bakin teku na wajen sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi, ƙananan kuma da wuya su ɗauki ayari a wuri guda. Sannan cikin gari akwai ƙarnin kifi, wanda bai saba ba sai ya yi haƙuri. Kada ku sa ranar zuwanku Talata in kuna son ganin hada-hadar, domin masunta ba sa shiga teku ran Talata.

Kowane gari yana da kasul ɗinsa, wato tsohon ginin Turawa inda aka riƙa tsare bayi kafin a zuba su cikin jirgi. Na Elmina ya fi tsufa: Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. A cikinsa aka tsare Asantehene Prempeh na Ɗaya bayan kama shi a 1896, kafin a wuce da shi Saliyo, daga nan tsibirin Seychelles. Na Cape Coast kuwa Turawan Suwidin suka fara shi a 1653, kuma shi Barack Obama ya ziyarta a 2009. Dukansu suna cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1979. Wasu kan ce in ka ga ɗaya ka ga duka. Mu ba mu yarda ba, amma kada a haɗa su rana guda. Ɗakunan ƙasan nan masu duhu da ƙofar da ba a dawowa suna da nauyi a zuciya. Mun ga samari masu yawan surutu sun fito ba mai cewa uffan.

Kuma tarihin nan bai yi nisa da mu ba. Da yawa cikin waɗanda aka kawo bakin teku daga arewa aka kamo su. Tsakanin 1831 da 1872 Turawan Holan sun ɗebi sojoji kusan 3,000 ta Elmina zuwa Java, a ƙasar Indunisiya ta yau, akasarinsu 'yan arewa da aka samo ta Kumasi. Waɗanda suka dawo sun zauna a tudun da har yau ake kira Java Hill. Masu tasowa daga Kumasi, hanyarku ta bi Assin Manso, inda rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe yake. Ku roƙi direba tun a tasha ya tsaya muku.

Idan Kakum na cikin shirinku, Cape Coast ya sake yin gaba, don hanyar dajin daga can ta tashi, kamar kilomita 30 arewa. Gadojin igiya bakwai ne a saman bishiyoyi, wani wurin tsayinsa ya kai mita 40 daga ƙasa. Ku je da sassafe kafin motocin makarantu su cika wurin. Dattijo mai ciwon gwiwa ya sani akwai hawan tudu kafin a kai gada ta farko.

Shawararmu ke nan: ayarin matasa, ko duk tafiyar da ta wuce mutum goma, a kwana Cape Coast kusa da zango, a ba Elmina yini guda tun daga hantsi. Ango da amarya, ko iyali kaɗan masu mota da ke neman shiru, Elmina ta fi musu, su sayo abincinsu kafin dare.

A duba kalanda kafin a tsayar da rana. Bikin Bakatue na Elmina yana faɗawa Talatar farko ta Yuli, Fetu Afahye na Cape Coast kuma Asabar ta farko a Satumba. Abin kallo ne, amma ɗaki yana wuya, kuɗinsa yana tashi. Mayu da Yuni ruwan sama ya yi yawa. 'Yan Accra da ke hawa mota a Kaneshie su fita bayan asuba, in ba haka ba cunkoson Kasoa zai cinye musu rabin yini. Kowa ya riƙe Ghana Card ɗinsa, ɗalibi ya ƙara da katin makaranta, domin kuɗin shiga na ɗan ƙasa daban yake da na baƙo.

Iyaye sukan tambaye mu batun ruwa, kuma suna da gaskiya. Tekun wannan gaɓar yana da ja ƙwarai, akwai duwatsu a gindin kasul, kuma yawancin yaran zango ba su iya iyo ba. A tafiyarmu ba mai wuce gwiwa a ruwa, ba mai zuwa bakin teku bayan magariba, kuma kowane mutum biyar suna da babba ɗaya da zai ƙirga su kafin mota ta tashi.