Addini Ko Son Zuciya? Darasi Daga Tarihin Yaƙe-Yaƙe Biyu

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin wasu masu ilmin zamani, wai addini shi ne ummul'aba'isin yaƙe-yaƙen duniya, kuma shi ke koya wa mutum fuska biyu. Mu da muka ga abin da ya faru a Kano a 1980, da Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992, bai kamata mu yi fatali da wannan zargi ba tare da nazari ba. Mu marubuta kuwa abin ya fi shafar mu, domin abin da muka zuba a takarda shi 'ya'yanmu za su ɗauka a matsayin gaskiya. Saboda haka bari mu ɗauko misalai biyu daga tarihi, ɗaya daga Turai ɗaya daga gida, mu auna.

A shekarar 1095 Fafaroma Urban na Biyu ya yi kira a garin Kilamon na ƙasar Faransa cewa Kiristocin Turai su tashi su ƙwato Birnin Ƙudus. Sun ci birnin a 1099, suka yi wa Musulmi da Yahudawan cikinsa kisan gilla. Salahuddin Al-Ayyubi ya karɓe shi a 1187. Sai Fafaroma Inosan na Uku, wanda ya hau a 1198, ya sake yekuwa, aka shirya abin da ake kira Yaƙin Salibiyya na Huɗu.

Shugabannin rundunar suka ƙulla yarjejeniya a 1201 da attajiran birnin Benis, a kan za a ƙera musu jiragen ruwa da za su ɗauki mutum 33,500 da dawaki 4,500, su kuma su biya mak 85,000 na azurfa. Da lokaci ya yi, waɗanda suka hallara ba su fi kashi ɗaya cikin uku ba, kuɗi suka gaza, bashin mak 34,000 ya hau kansu. Shugaban Benis, Enriko Dandolo, wani tsoho makaho mai wayon tsiya, ya ce zai ɗaga musu ƙafa in sun taya shi cin garin Zara. Mutanen Zara Kiristoci ne, kuma Fafaroma ya hana a taɓa su. Duk da haka aka far musu a watan Nuwamba 1202, Fafaroma ya yi fushi ya kori maharan daga coci.

Ba su tsaya nan ba. Wani ɗan sarki mai neman gadon mulkin Rumawa ya yi musu alkawarin mak 200,000 in sun kai shi Ƙusɗanɗiniyya. Alkawari bai cika ba. A watan Afrilu 1204 rundunar da ta fito da sunan gicciye ta fasa birnin Kirista mafi girma a zamanin, ta yi kwana uku tana wasoso, har babban cocin Aya Sofiya bai tsira ba. Dawakin tagulla guda huɗu da aka kwaso aka kai su Benis aka ƙawata cocin birnin da su. Rundunar ba ta taɓa isa Ƙudus ba. Sai a 2001 Fafaroma Jon Pol na Biyu ya bayyana nadama a kan wannan ta'asa a birnin Atina.

To, a nan wa za mu kama? Wanda ya yi kiran yaƙin shugaban addini ne, babu ja. Amma abin da ya karkatar da akalar jiragen bashi ne da kasuwanci da kwaɗayin sarauta. Kuma akwai mayaƙan da suka janye tun daga Zara, suka ce ba su baro gidajensu don kashe 'yan'uwansu ba. Imanin da wasu suka fake da shi suka yi fashi, shi ne ya hana waɗannan.

Mu dawo gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto a wannan shekara, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Manufar jihadin a fili take cikin littattafan shugabanninsa: kawar da zalunci da gyara addini. Amma tun ana tsakiyar gwagwarmaya, a wajen 1807, ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, wanda ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto, ya bar jama'a ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Dalilinsa, kamar yadda ya bayyana daga baya a Tazyinul Waraƙat, shi ne ya ga da yawa daga cikin mabiya sun juya ga neman mulki da dukiya da kayan ƙawa. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya koma.

Haka kuma bayan an ci Ngazargamu a 1808, Shehu Muhammadul Amin El-Kanemi ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello, yana tambayar hujjar yaƙar Borno alhali mutanenta Musulmi ne. Bello ya ba da amsa, ya kuma adana muhawarar cikin Infaƙul Maisuri. Wannan abin koyi ne gare mu, malami ya ajiye hujjar abokin jayayyarsa cikin littafinsa don na baya su karanta. Kafin ƙarshen wannan ƙarni, daga 1893 zuwa 1895, jikokin masu jihadi sun yi Yaƙin Basasa a Kano tsakanin Tukur da Yusufawa. Alƙibla ɗaya, littafi ɗaya, zuri'ar Dabo ɗaya. Abin da ya raba su gadon sarauta ne.

Mai karatu zai ce ke nan mun wanke addini tas. A'a. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin da ya gaskata cewa Ubangiji na bayansa yana da wuyar sulhu, kuma shugaba mai son zuciya ya san babu gangar da ke tara jama'a da sauri kamar ta addini. Waɗanda suka shiga Ƙudus a 1099 da yawansu sun yi imani lada suke nema. Wannan nauyi ne a wuyan malamai da limamai na kowane ɓangare, domin wa'azi na iya zama ruwa, yana iya zama fetur.

Sai dai in aka ce a cire addini a zauna lafiya, tarihi bai goyi bayan haka ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, da na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, ba a kan aƙidar sama aka yi su ba, kuma barnar da suka yi ta fi ta duk yaƙe-yaƙen Salibiyya. Gwamnatin Pol Pot a Kambodiya, daga 1975 zuwa 1979, ta haramta addini, ta kuma hallaka talakawanta. A Ruwanda a 1994 masu kisa da waɗanda aka kashe galibinsu coci ɗaya suke zuwa. Ko rikicin Zangon Kataf ma, batun sauya wa kasuwa matsuguni ne ya fara kunna shi, bisa tsohuwar jayayya kan ƙasa da iko.

Batun munafunci kuwa, sai akwai ma'auni ake gane tauye mudu. Da me Malam Abdullahi ya gane jama'arsa sun kauce? Da addinin da suke iƙirari. Da me Fafaroma Inosan ya la'anci wasoson 1204? Da koyarwar da maharan suka rataya a ƙirji. Alƙur'ani mai girma ya keɓe sura guda a kan munafukai, Linjila ma ta yi tir da masu ibada don idon mutane. Addini ya san wannan cuta tun farko, ya kuma ba ta suna.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, idan za mu saka rikici cikin labari ko wasan kwaikwayo, kada mu tsaya ga taken da ake rerawa. Mu tambaya: wa ke bin wa bashi, wa ke son kujera, wa zai gaji rumfar da aka ƙone? Mu kuma tuna da irin su Malam Abdullahi, waɗanda suka ga ɓarna a cikin gidansu suka faɗa, mu ba su gurbi a littattafanmu. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kanmu ne, amin.