Gafakar Nana Asma'u da Darasinta ga Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Duk wanda ke son sanin yadda aka gyara al'umma a ƙasar Hausa cikin ƙarni na 19, to lalle ne ya leƙa takardun Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife ta a Ɗegel a 1793, ta kuma rasu a Sakkwato a 1864. Ita ce uwargidan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima.

Babban abin da ta ƙirƙiro shi ne tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa amintacciya ta naɗa ta jaji, ta aza mata malfa, sannan ta tura ta ƙauyuka tana karantar da mata ta hanyar waƙoƙi. Da yake yawancin matan karkara ba sa karatu, waƙa ce ta zame musu littafi. Wannan ne ya sa ta yi rubutu da Larabci domin malamai, da Fulatanci da Hausa cikin ajami domin sauran jama'a.

Takardun nata sun ƙunshi marsiyyoyi, da wa'azi, da tarihin jihadi, da wasiƙu, da bayanin magani. Sau da yawa takan rufe waƙa da ramzi, wato haruffan da ke nuna shekarar Hijira, abin da ya sauƙaƙa wa masana jera ayyukanta bisa zamani.

Abin lura a nan shi ne, ba wata hukuma ce ta tsare waɗannan takardu ba. Zuriyarta ce ta adana su a gafaka, hannu zuwa hannu, har suka iso ga Waziri Junaidu. Shi ya ba Jean Boyd damar nazarinsu, ita kuma tare da Beverly Mack suka buga ayyuka kusan 60 a Amurka a 1997.

Ƙasar Katsina ma tana da irin wannan gado, domin kuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa ne saboda Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. Saboda haka ya kamata dattawan Dutsin-Ma da Kurfi su duba gafakokin da suka gada, tun kafin gara da ɗigar damina su cinye su. Malaman makaranta kuwa su taimaka wajen rubuta sunan kowace takarda da mai ita, a kuma ɗauki hotonta. Takardar da ta lalace ba ta da madadi.