TARIHIN FASAHA: RANAR DA INJIN GAS YA SHA MAN GYAƊA

Duk sanda gas ya yi tsada, za ka ji masu tarakta da injin casar shinkafa a Auyo da Haɗejia suna tambaya: wai da gaske man girki yana tada inji? Da gaske ne, kuma maganar ta haura shekara 120.

A 1900, wajen baje kolin duniya a birnin Faris, an kunna wani ƙaramin inji irin wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya ƙirƙiro, da zallar man gyaɗa. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, tana son ƙasashen da ta mallaka a Afirka su riƙa tada injina da abin da suke nomawa. Wato da irinmu aka yi lissafin.

Sai dai gyaɗar tamu wata hanya ta bi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin ya kai Nguru ta Malam Madori a 1930, aka yi ta lodinta zuwa Turai ana man girki da sabulu. Gas kuwa ga arha, wa zai ƙona abin miya?

Sannan ga matsalar kauri. Man gyaɗa ya ninka gas kauri kamar sau goma, don haka nozul ba ya fesa shi yadda ya kamata. Ba ya ƙonewa duka, sai dauɗa ta taru a bakin nozul da kan fistin, ragowar ta gangara ta ɓata baƙin mai. Injin zai tashi lafiya yau, ɓarnar sai daga baya take fitowa, musamman da sanyin hunturu.

A 1937 wani masani ɗan Beljiyam, Chavanne, ya haɗa manja da sinadarin itanol ya rage masa kauri, har wata bas ta yi jigila da shi tsakanin Brussels da Louvain a 1938. Asalin bayodizal ke nan.

Masu amfani da ɗanyen mai a Jamus tanki biyu suke sawa: a tada da gas, in inji ya yi zafi a juya, kafin a kashe a koma gas. Sabbin taraktoci masu kwamfuta kam, kada ma ka gwada.

A kasuwar Haɗejia litar man gyaɗa ta fi ta gas tsada. Inda lissafin zai iya fita shi ne man cini-da-zugu, wanda ba a ci, da ragowar man suyar ƙosai da awara bayan an tace shi sosai.