Littattafan Fiƙihu na Hannu a Ƙasar Kano: Tarihi da Nazarinsu

Fiƙihun Malikiyya ya kafu a ƙasar Hausa tsakanin ƙarni na 14 da na 16. Littafin Tarihin Kano ya ɗora zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), amma wani ƙaramin littafi, Asl al-Wangariyyin, ya kai zuwan shugabansu Abdurrahman Zaiti zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). Wannan saɓani har yau bai rufu ba. A zamanin Rumfan ne Shehu Magili ya sauka Kano, ya rubuta wa sarki Tajuddini kan abin da ya wajaba ga masu mulki. Katsina kuwa ta yi alƙali Ɗan Takum, wanda ya rasu wajen 1529.

Littattafan da aka dogara da su daga waje suka zo: Mudawwana, Risalar Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da Muhtasar na Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, wanda taƙaitawarsa ta sa ba ya karantuwa sai a gaban malami.

Nazarin zamani ya soma ne da fassara. Palmer ya fitar da Tarihin Kano da Turanci a 1908, Baldwin ya fassara Tajuddini a 1932. Aikin ya yi ƙwari bayan samun 'yancin kai: Bivar da Hiskett a 1962, Muhammad al-Hajj da ya buga Asl al-Wangariyyin a 1968, sai John Hunwick, wanda juzu'i na biyu na kundinsa, na 1995, ya jero marubutan yankin da ayyukansu. Taskar malamin Kano Umaru Falke, mai rubuce-rubuce fiye da 3,000, tana Jami'ar Northwestern a Amurka. Wasu rubuce-rubucen suna Arewa House a Kaduna da Jami'ar Bayero.

Babbar matsalar ita ce takarda. Akasarin abin da ke hannu kwafi ne na ƙarni na 19 zuwa na 20, a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku. Gara da laimar damina sun ci na dā. Ga shi warƙoƙi ne ba ɗinki, an haɗa su cikin tadarishi an sa a gafaka. In malami ya rasu, magada na iya raba littafi guda gida biyu.

Manazarta sun fi bin birni da sunayen manyan marubuta. A ganina giɓin yana karkara. A ƙasashen Bichi, Dambatta da Minjibir, inda gida ke manne da gona kuma gado ke yanyanka fili tsara bayan tsara, malaman zaure sun daɗe suna karantar da Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala da Askari kafin ɗalibi ya kai Muhtasar. Mai karatu kan rubuta ma'anar kalma da ajami tsakanin layuka, ko bayanin malaminsa a gefen shafi. Waɗannan ƙananan rubuce-rubuce, musamman a babin gado da jingina, su ne shaidar yadda aka fahimci hukunci a ƙauye, kuma yawancinsu suna zauruka, ba su shiga jerin wata taska ba.